Masinjan Ikko Da Ya Tanƙwara Turanci

A cikin shekarar 1946 Ma'aikatar Ƙwadago da ke Ikko ta ɗauki wani saurayi Bayarabe, ɗan shekara 26, aikin masinja. Aikin masinja kuwa, kowa ya sani, rabinsa zaman benci ne. Mutum ya zauna a bakin ƙofa yana jiran akawu ya kira shi, in an kira ya kai fayil, ya komo ya sake zama. Waɗansu masinjoji gyangyaɗi ke cinye musu wannan lokaci, waɗansu hira. Shi wannan saurayi, mai suna Amos Tutuola, sai ya riƙa tattara takardun da aka yar, yana cika su da labarun da ya ji a bakin tsofaffi sa'ad da yake yaro a Abeokuta.

Da Turanci yake rubutawa, amma irin Turancin da babu malamin makarantar da zai gani bai ɗauko jan alƙalami ba. Shekara shida bayan haka wannan Turanci ya fito a littafi a birnin London, ya sa manyan marubutan Ingila suna tafi, ya kuma sa waɗansu 'yan bokon ƙasar nan suna sunkuyar da kai don kunya. Gardamar da ta tashi a kansa ita ce gardamar da ke tashi duk lokacin da mai rubutu ya cika da zumuɗin abin da ke cikinsa har ƙa'ida ta kasa riƙe shi.

An haifi Tutuola a 1920. Mahaifinsa manomin koko ne. Yaron ya yi barantaka a gidan wani ma'aikacin gwamnati, wanda ya riƙa biya masa kuɗin makaranta maimakon albashi. Duk karatunsa bai wuce shekara shida ba, don a 1939 mahaifinsa ya rasu, kuɗin makaranta ya yanke. Ya taɓa noma, bai yi sa'a ba. Ya koyi ƙira, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi wa mayaƙan sama na Ingila aikin ƙarfe a nan Nijeriya, daga 1942 zuwa 1945. Da yaƙi ya ƙare ya so ya buɗe maƙerarsa, jari ya gagara. Abin da ya kai shi bencin masinja ke nan.

HOTUNAN FATALWA

Labarinsa na farko ya aika da shi Ingila a 1948, kuma yadda abin ya faru shi kansa kamar tatsuniya ne. Kamfanin da ya rubuta wa, Focal Press, littattafan koyar da ɗaukar hoto kaɗai yake bugawa. Tutuola ya tambaye su ko suna son labarin fatalwar daji tare da hotunansu. To, wane mai sana'ar hoto ne zai ji an ce an ɗauki hoton fatalwa bai ce a kawo ya gani ba? Suka ce ya aiko. Da saƙon ya iso aka wanke hotunan, sai ga shi ashe zane-zanen fatalwar ne aka yi da hannu aka ɗauke su a hoto. Mai kamfanin ya ji tausayin wahalar da saurayin ya sha wajen rubuta labari mai tsawo haka da hannu, ya aika masa da ɗan abin da ya samu, ya jefa takardun a cikin akwati. Nan suka kwana fiye da shekara talatin.

Tutuola bai karaya ba. Ya ga tallar littattafan wata ƙungiyar mishan a cikin wata mujalla, sai ya zauna ya rubuta wani labarin. Shi da bakinsa ya ce cikin kwana biyu ya zubo shi, sa'an nan ya yi wata uku yana faɗaɗawa yana kwafewa. Kamfanin ƙungiyar, Lutterworth Press, ba ya buga irin wannan, amma mutanensa suka ga abin ya fi ƙarfin a mayar wa mai shi, suka nema masa wani gida. Daga ƙarshe ya faɗa hannun Faber and Faber, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ɗab'i na London, inda shahararren mawaƙin nan T. S. Eliot yake cikin daraktoci. A watan Mayu na 1952 littafin ya fito da sunan The Palm-Wine Drinkard, watau Mashayin Bammi.

Tun daga sunan aka soma karya doka. Turawa suna da kalmar "drunkard", watau mashayin da giya ke kayarwa. "Drinkard" kuwa babu ita a ƙamus, Tutuola ne ya ƙera abarsa. Abin mamaki, tasa ta fi dacewa da mutumin da ke cikin labarin, wanda ba a ganinsa yana tangaɗi ko sambatu. Shi dai sha ne sana'arsa, kamar yadda noma yake sana'ar wani.

Ga yadda labarin yake. Wani ɗan attajiri ne, tun yana shekara goma ba shi da aiki sai shan bammi. Uban ya ba shi gona mai itatuwan kwakwa 560,000, ya ɗaukar masa gwanin tatsar bammi da ke kawo masa tulu 150 da safe, 75 da yamma. Abokai suka cika gida. Ran nan uba ya mutu, ba a daɗe ba mai tatsar ya faɗo daga kan itace shi ma ya mutu, abokai suka watse. Mashayi ya tuna tsofaffi sun ce matattu suna da garinsu a cikin duniyar nan, sai ya ɗaura layunsa ya kama hanya don ya komo da baransa. Shekara goma yana tafiya.

A hanya ya kama Mutuwa da taru ya ɗauko ta daga gidanta. Ya bi wani kyakkyawan saurayi da wata budurwa mai ƙin maza ta liƙe wa a kasuwa, ashe duk gaɓoɓin jikinsa haya ya karɓo. Yana tafiya yana mayar wa masu su yana biyan kuɗin haya, ƙafa a nan, hannu a can, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai yana tsalle a ƙasa. Mashayi ya ceci budurwar ya aure ta, ta haifi ɗa ta babban yatsanta. Da kuɗi ya yanke musu ya rikiɗa ya zama kwalekwale, matar tana tuƙi tana fiton mutane, babba taro, yaro rabin haka. A ƙofar wani farin itace suka sayar da mutuwarsu a kan fam 70 da sule 18 da sisi, suka ba da tsoronsu haya a kan fam 3 da sule 10 a wata. Da za su fita suka karɓi tsoronsu, amma mutuwa ta riga ta sayu. Saboda haka suka ci gaba da tafiya suna jin tsoro alhali ba abin da zai kashe su.

Mai karatu ya dubi wannan sisi da ke kan fam 70. Nan hikimar mutumin take. Abin da hankali ba zai ɗauka ba, sai ya kawo shi da lissafi irin na akawun baitulmali, da ƙarfe kaza na agogo, da mil kaza, har mai ji ya rasa inda zai tsaya ya ce ƙarya ne. Haka kuma ba ya shakkar ɗauko kayan zamani ya jefa cikin dajin aljanu. Da zai kwatanta kyan saurayin nan na haya, cewa ya yi ko masu jefa bom daga jirgin sama in sun hango shi a gari ba za su jefa ba. Tsohon ma'aikacin mayaƙan sama ne ke magana da abin da ya sani.

"KU GYARA MINI"

Turancin littafin fa? Jimla takan miƙe ta yi layi bakwai ko takwas ba aya, ana ta ɗaura ta da "kuma" da "amma", kamar mai ba da labari da ke tsoron in ya numfasa wani zai karɓe zancen. Yakan yi wa kalma jam'i inda Turanci bai yarda da jam'i ba. Yakan rubuta abin da ya girgiza shi da manyan baƙaƙe. Yakan ce "shi", sa'an nan ya buɗe baka ya faɗi ko wane ne shi ɗin, kamar yadda mai hira yakan nuna mutum da yatsa. Masana harshe na ƙasar Yarbawa, irin su Farfesa Adebisi Afolayan da Molara Ogundipe, sun bi sawun wannan Turanci daga baya, suka nuna yawancin abin da ake kira kuskure ginin jimlar Yarabanci ne aka ɗora wa kalmomin Turanci. Da harshen uwarsa yake tunani, da harshen makaranta yake rubutawa, bai kuwa tsaya neman izinin ɗayansu ba.

Amma akwai wani abu da masu yabonsa sukan tsallake. Tutuola bai tashi da niyyar tayar wa nahawu hankali ba. A cikin wasiƙarsa ga Faber ya roƙe su su gyara masa Turancinsa, wanda shi da kansa ya kira mai kuskure. Editocin suka duba suka ga in aka bi littafin aka daidaita kowace jimla, to, an yanka kazar da ke ƙwai. Suka gyara kaɗan, suka bar sauran. Har suka ɗauki hoton shafi guda na rubutun hannunsa, da gyare-gyaren edita a kai, suka sa a cikin littafin, don mai karatu ya tabbata ba wani Bature ne ya ɓoye ya ƙaga abin ba.

Ke nan muryar tasa ce, zafin nasa ne, amma shawarar barin kurakuran a fili ta waɗansu ce da ke zaune a London. Wannan shi ne ƙashin da ya tsaya wa 'yan Nijeriya da yawa a wuya.

Ranar 6 ga Yuli, 1952, mawaƙin nan na ƙasar Wales, Dylan Thomas, ya yi sharhin littafin a jaridar Observer. Ya yabe shi ƙwarai, ya kira harshensa Turanci mai ƙuruciya. Dylan Thomas shi ma ba mai biyayya ga ƙa'ida ba ne a waƙoƙinsa, ga alama ya ga ɗan'uwa. Wannan sharhi ya buɗe wa littafin kasuwa. A 1953 kamfanin Grove Press ya buga shi a Amurka, a shekarar kuma marubucin Faransa Raymond Queneau, wanda ya shahara da wasa da harshen Faransanci, ya fassara shi. Fassara cikin waɗansu harsuna ta biyo baya. Shi ne littafin ƙagaggen labari na farko daga Nijeriya da ya zaga duniya haka, shekara shida kafin Things Fall Apart na Chinua Achebe.

A gida kuwa sai aka ɗaure fuska. A 1954 mujallar West Africa da ake bugawa a London ta ɗauki wasiƙun 'yan Nijeriya masu fushi. Babasola Johnson ya ce bai kamata ma a buga littafin ba, don harshensa ba na Turawa ba ne, ba kuma na mutanen Afirka ta Yamma ba. Ya ƙara da cewa labarun na kowa ne a ƙasar Yarbawa, waɗansu kuma an riga an gan su a littafin D. O. Fagunwa, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale, wanda ya fito da Yarabanci tun 1938. I. A. Akinjogbin, wanda daga baya ya zama farfesan tarihi a Jami'ar Ife, ya ce abin da ya ja Turawa ga littafin shi ne ya yi daidai da almarar da suka daɗe suna son ji game da Afirka.

Kada a yi saurin cewa hassada ce. Lokacin ana tsakiyar neman mulkin kai. 'Yan boko sun yi shekaru suna fama da Turawan da ke cewa baƙar fata bai isa ya riƙe ofis ba, suna nuna iyawarsu da jarrabawa da Turanci tsantsa. Kwatsam sai ga London ta tsallake lauyoyi da likitoci da masu digiri, ta ɗauko masinja ta ce ga muryar Afirka. Waɗansu masu sharhi na waje kuma sun ba su hujja, don yabon nasu da raini a ciki. Wani a mujallar New Yorker ya ɗauki littafin tamkar leƙen yadda adabi ya soma a farkon duniya, sai ka ce marubucin ba a birnin Ikko mai jirgin ƙasa da wayar tarho yake zaune ba. Wanda aka yi wa irin wannan yabo, in 'yan'uwansa suka ji ciwo, ba su yi laifi ba.

Inda suka kuskure shi ne da suka tsaya a kan nahawu suka ƙi duba abin da nahawun ya ɗauko. Zargin ɗaukar labarun jama'a ma bai da ƙarfi, gama tatsuniya ba ta da uba, gwanintar mai faɗi ake dubawa. Tutuola ya sha daga Fagunwa, babu musu, ya kuma karanta Dare Dubu da Ɗaya da The Pilgrim's Progress na John Bunyan. Amma haɗa guntayen nan su zama tafiya guda mai mafari da maƙura, da saurin da ba ya barin mai karatu ya ajiye littafin, wannan aikinsa ne.

ABIN DA ACHEBE YA GANI

Sai da ƙura ta lafa aka soma yi masa adalci. A 1963 Kola Ogunmola da 'yan wasansa suka mai da labarin wasan kwaikwayo na waƙa da Yarabanci a Jami'ar Badun, jama'a suka yi ta tururuwa. Taban lo Liyong, marubucin nan na Gabashin Afirka, ya tsaya masa, yana tambaya ko James Joyce, wanda Turawa ke ɗaukaka, ya fi shi bin nahawu ne.

Amma wanda ya fi kowa kai wa ga zuciyar maganar shi ne Chinua Achebe, a cikin wata lacca da ya yi a Jami'ar Badun a 1977 a kan aiki da wasa a cikin littafin. Achebe ya ce a duk marubutan Nijeriya babu mai wa'azi kamar Tutuola. Wanda ya ga sunan littafin ya zaci kirarin giya ne, ya sake dubawa. Labarin malalaci ne wanda ya kwanta wani yana hawa itace dominsa safe da yamma har ya mutu a bakin aiki, sa'an nan duniya ta sa shi ya biya bashin zaman banzan da shekara goma na wahala. Ko da ya isa garin matattu bai sami abin da ya je nema ba. Mai tatsar ya gaya masa matacce ba ya komawa cikin masu rai, ya ba shi ƙwai guda mai biyan bukata. Da ya koma gida ya tarar da yunwa, ya ciyar da jama'a da ƙwan, su kuma garin wasa da haɗama suka fasa shi.

Watau mutumin da ya yi wa dokokin Turanci karan tsaye yana riƙe da waɗansu dokokin gam: kowane laifi da sakamakonsa, kowane dodo da iyakar da ba ya ƙetarewa, kowace kyauta da sharaɗinta. Dokokin tatsuniya ke nan, bai kuwa taɓa saɓa musu ba. Shi ya sa littafin bai wargaje ba duk da jimlolinsa sun ƙi tsayawa a layi. Dubban mutane sun rubuta Turanci mai kuskure a shekarun nan, a wasiƙu da takardun neman aiki, ba wanda ya tuna da su. Kuskure kaɗai ba ya rayar da rubutu.

Shi kansa Tutuola sukar ta taɓa shi. Ya shiga makarantar dare don ya kyautata Turancinsa. Littattafai suka biyo: My Life in the Bush of Ghosts a 1954, inda akwai fatalwa mai talabijin a tafin hannu, Simbi and the Satyr of the Dark Jungle a 1955, The Brave African Huntress a 1958, Feather Woman of the Jungle a 1962, Ajaiyi and His Inherited Poverty a 1967. Turancin ya ɗan daidaita, sai kuma masu sharhi na Ingila suka juya suna cewa armashin ya ragu. A gida an ce ya cika kuskure, a waje an ce ya rage kuskure. Gaba kura, baya sayaki. Duk wannan lokaci kuwa bai bar aikin albashi ba. Daga 1956 ya koma gidan rediyon Nijeriya yana kula da sito, aka mai da shi Badun a shekara mai bi, can ya zauna har ya yi ritaya.

Waɗanda suka zo bayansa sun bi ta ƙofar da ya buɗe, amma su da idonsu biyu suka shiga. Gabriel Okara ya rubuta The Voice a 1964, ya jera kalmomin Turanci bisa tsarin harshen Ijo da gangan. A Kwaddebuwa, Ahmadou Kourouma ya cusa wa Faransanci numfashin harshen Malinke a cikin Les Soleils des indépendances, kamfanonin Faris suka ƙi shi, sai a birnin Montreal na Kanada aka fara buga shi a 1968, kafin Faris ta sauko ta karɓa a 1970. Ken Saro-Wiwa, wanda ya yi digirinsa na Turanci a Badun, ya fito da Sozaboy a 1985, labarin wani yaron mota da ya shiga soja lokacin yaƙi, ya kuma rubuta a bangon littafin cewa da ruɓaɓɓen Turanci aka yi shi. Ya zaɓi harshen da ya lalace don ya ba da labarin ƙasar da ta lalace. Waɗannan duka sun san ƙa'ida sarai kafin su tanƙwara ta, kuma ba wanda ya roƙi edita ya gyara masa.

Ko nasu ya fi nasa? Wajen dabara, watakila. Amma mai karanta Okara yana jin hannun marubucin yana juya kalmomi, yana jin an yi shiri. A wurin Tutuola ba a jin shiri, ana jin mutum ne da labari ya cika masa baki, ya kama harshen da ya samu kusa ya yi ta zubawa. Irin wannan ba a koyonsa a aji, wanda kuma ya yi ƙoƙarin kwaikwayonsa yakan ƙare da kurakuran kaɗai.

Girmamawa ta zo masa a makare. A 1979 Jami'ar Ife ta gayyace shi ya zauna a cikinta a matsayin marubuci mai bincike, shi da bai gama firamare da nisa ba. A 1981 ya fito da The Witch-Herbalist of the Remote Town bayan shiru na shekara 14, a 1983 kuma ya je Jami'ar Iowa ta Amurka cikin shirinta na marubutan duniya. Ya rasu a Badun ranar 8 ga Yuni, 1997, ba tare da ya tara abin duniya ba.

Labarin nan nasa na farko kuwa, mai hotunan fatalwa, wani malamin Jami'ar Texas, Bernth Lindfors, ya bi sawunsa har ya gano shi. A 1982 kamfanin Three Continents Press na birnin Washington ya buga shi da sunan The Wild Hunter in the Bush of the Ghosts, shekara 34 bayan an sa shi a gidan waya a Ikko. Ba a jera shi da baƙaƙen inji ba. Hoton shafukan aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, da rubutun hannun masinjan kamar yadda ya bar shi.